Yaushe Aka Sauke Tukunyar? Lacca Kan Cin Abincin Taro a Matameye

 

Malamaina, iyayena maza da mata, ma'aikatan lafiya, masu sana'ar abinci na kasuwa da na tasha, da ku matasa da kuka tsaya daga baya, barkanku da war haka. Na gode da kuka ajiye ayyukanku kuka zo.

An ce in yi magana a kan yadda mutum zai tsare cikinsa idan ya je inda ake jera abinci a tebur, kowa ya ɗauki faranti ya ɗiba da kansa, abin da ake kira bufe. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan Matameye da wannan, ai harkar manyan otal-otal ce ta Yamai da Kano. To, muna da ruwa a ciki, har da tsaki. Ma'aikatanmu na zuwa Damagaram taron ƙara wa juna sani, kuma irin abincin da ake ba su da rana ke nan. Ƴan kasuwarmu na ƙetarawa ta Ɗan Barto zuwa Mai'aduwa da Daura da Kano. Alhazanmu, da yawansu a masaukin Makka ko Madina suke fara arba da wannan tsari. Balle kuma nan gida: walimar aure, suna, saukar Alƙur'ani, buɗa-bakin azumi. Kulolin nan da ake jerawa ƙarƙashin rumfa, wannan na dafa-duka, wannan na taliya, wancan na miya, ga daron salati a gefe, da teburin otal duk kanwar ja ce. An dafa da yawa, an ajiye ya jima, hannaye da yawa sun bi ta kansa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdigar da ta nuna cewa duk shekara mutum miliyan 600 ke kwantawa saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu. Daga cikin masu rasuwar, 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Yankin Afirka shi kaɗai na da majinyata miliyan 91 da mamata 137,000. Mu kuma ba sai an karanto mana takarda ba. A 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa ta jihar Maraɗi, ta kwantar da fiye da mutum 3,000. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000 a ƙasar nan, ta yi ajalin fiye da 150, kuma Damagaram da Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani.

Abin da nake son ku tafi da shi yau abu guda ne. Idan muka je taro, idonmu na kan ƙuda da ƙura da tsabtar zanen mai rabo. Hakan daidai ne, amma babban maƙiyin ba ya ganuwa, domin lokaci ne. Tambayar da ta fi kowace amfani a gaban kula ita ce, yaushe aka sauke wannan daga wuta?

Ga dalili. Ƙwayoyin cuta da ke lalata abinci suna da zangon da suke jin daɗi, daga digiri 5 zuwa digiri 60. Ƙasa da 5, sanyi na daƙile su. Sama da 60, zafi ya hana su sakat. A tsakani kuwa, musamman kusa da ɗumin jikin mutum, ƙwaya ɗaya na iya rabuwa biyu duk minti 20. Ku yi lissafin da ni. Bayan awa ɗaya ta zama 8. Bayan awa uku ta haura 500. Bayan awa bakwai ta haura miliyan 2. Daga ƙwaya ɗaya ke nan, alhali ba a taɓa farawa da ɗaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Hukumomin Amurka sun ƙara da cewa idan zafin gari ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce. Mu nan a Afrilu da Mayu, ma'auni na haura 40. Inuwar rumfar bikinmu ita ce daidai ɗumin da ƙwayar cuta ke nema.

Yanzu mu bi tukunyar biki ɗaya tun daga murhu. Mata sun tashi da asuba sun hura wuta, don a samu a gama kafin rana ta take. Da hantsi an sauke shinkafa, an juye cikin kuloli, an rufe. An ce ɗaurin aure bayan azahar. Liman ya makara, dangin ango na kan hanya daga Kance ko Magariya, motarsu ta yi faci. Ana cikin jira yara sun dami uwar biki, an buɗe kula an ɗiba musu, an rufe. Maƙwabciya ta aiko da kwano, an sake buɗewa. Sai bayan la'asar aka fara rabo. Ka ɗaga murfin ka duba cikinsa: gumi ya taru yana ɗiga kan shinkafar, tururi babu, ka kai bayan hannunka kusa ka ji ɗumi-ɗumi kawai. Ƙamshinta na nan, man ya kwanta, ko alamar tsami babu. Wannan shinkafar ta kwashe awa shida ko bakwai tana saukowa daga zafi, kuma rabin wannan lokaci ta yi shi cikin zangon da na faɗa muku. Kula ba murhu ba ce. Tana jinkirta hucewa, ba ta hana shi, kuma duk buɗewa ɗaya na rage mata ƙarfi.

Wani zai ce ai an dafa ta sarai, wuta ta kashe komai. A nan ne shinkafa ke yaudararmu. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira Bacillus cereus, a ƙasa take zaune, tana biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona. Idan ta ji wuya sai ta lulluɓe kanta da ƙoƙo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Shinkafa na hucewa sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba dafi. Wannan dafin kuwa ko an mayar da shinkafar wuta an soya, yana nan daram. Mai ci zai fara amai cikin awa ɗaya zuwa biyar. Taliya da makaroni ma haka suke.

Nama da miya su ma da tasu. Clostridium perfringens na son babbar tukunya wadda gefenta ya huce, tsakiyarta na riƙe da ɗumi na awoyi, inda iska ba ta kaiwa. Ita ba ta gaggawa. Sai cikin dare ko washegari da safe, awa 6 zuwa 24 bayan ci, murɗar ciki da zawo su taso. Duk inda ake dafa wa jama'a da yawa a duniya, makarantun kwana, barikoki, gidajen yari, an san ta.

Ta ukun ita ce ta jikinmu. Staphylococcus aureus na zaune a hancin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, da cikin maruru da ƙurji da yankan wuƙa da ya yi ruwa. A watan Fabrairu na 1975, wani jirgin saman Japan Airlines da ya taso daga Tokyo zuwa Faris ya ya da zango a Alaska, aka loda masa karin kumallo na ƙwai da nama. Ɗaya daga cikin masu girkin na da gyambo a yatsunsa, abincin kuma ya daɗe a ajiye ba cikin isasshen sanyi ba. Mutum 197 suka kamu da amai da gudawa, aka kwantar da 144 a asibiti a babban birnin Denmak, inda jirgin ya sake sauka. Kamfani ne mai kuɗi, ɗakin girki na zamani, ma'aikata cikin fararen kaya. Yatsa mai gyambo da awoyin jira suka yi wannan aiki. Ina kawo labarin ne saboda masu ganin in wuri na da tayil da na'urar sanyaya ɗaki, an tsira. Dafin wannan ƙwaya shi ma ba ya jin ɗumame.

Duk ukun nan abu ɗaya ya haɗa su: ba sa canza wari, ba sa canza ɗanɗano. Tuwon da ya yi yami ko miyar da ta yi kumfa, su masu gaskiya ne, suna gaya maka ka bar su. Iyayenmu mata kan shinshina, su ɗanɗana a bakin ludayi, su ce lafiyarsa lau. Allah ya saka muku da alheri, iyayena, amma hanci ba ya kama wannan.

To, ga ka tsaye gaban tebur da faranti a hannu, a otal ne ko a gidan biki. Je da wuri in da hali. Wanda ya ci a farkon rabo ya fi wanda ya zo kwashe gindin tukunya samun lafiya. Nemi abin da ke tururi sosai, wanda sai ka dakata ya huce kafin ka kai baki. A otal, leƙa ƙarƙashin kwanonin ƙarfen nan. Akwai ƴar fitila da ke ɗumama ruwan da kwanon ke zaune a kai. Sau da yawa za ka tarar ta mutu tuni ba wanda ya lura, ko ruwan ya ƙone. Miyar da ta yi fata a sama, ko man naman da ya fara daskarewa a gefe, sun daɗe da rabuwa da wuta. Ka lura kuma da yadda ake ƙaro abinci. Ma'aikacin da ya san aikinsa na ɗauke tsohon kwano ya kawo sabo. Wanda bai sani ba sai ya juye sabuwar shinkafa kan ragowar ta ɗazu ya gauraya, ta ƙasan ta yi ta zama tun buɗe wuri har rufewa. Kaza kuma a tsaga a duba kusa da ƙashi. In da ja ko ruwan jini, a bar ta.

Sai cokalin ɗiba. Mutum ɗari sun kama mariƙinsa, wani ya fito daga bayi, wani ya fyace hanci, wata ta gama wanke wa yaro. Can sai mariƙin ya sulale ya nutse cikin miya, wani ya tsamo shi da yatsu ya ci gaba. Shi ya sa nake ganin tsarinmu na da, mace ɗaya ko biyu su zauna su raba da ludayi, ya fi ɗibi da kanka tsaro, muddin masu rabon sun wanke hannu kuma ba masu ciwon ciki ba ne. Ba kowane sabon yayi ne ci gaba ba. Kuma in za ka ƙara, ɗauki wani farantin, kada cokalin jama'a ya taɓa wanda ka ci a ciki.

Zan ɗan daɗe a kan salati, domin nan ne kwaɗayi ya fi kai mu. Allah ya hore mana fadama, rake da kabeji da tumatir da salati daga lambunanmu suke fitowa, abin alfahari ne. Amma ganyen nan da taki aka rene shi, da ruwan rijiyar lambu aka shayar da shi, wani lokaci a ruwan nan aka ɗauraye shi kafin a kawo kasuwa, kuma bai ga wuta ba ko sau ɗaya. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar atuni da ta taifot duk suna iya maƙalewa a lungun ganye. Sai a yanka shi da wuƙar da aka gyara kaza, a kan faifan da ɗanyen nama ya kwanta. Sai a zuba dafaffen ƙwai da mayonez a cakuɗa da hannu, a ajiye tun hantsi cikin daro a rufe da tire. In da za a ce in nuna kwano ɗaya da ya fi kowane haɗari a gidan biki, shi zan nuna. A gida, inda ke ce kika wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, kika haɗa aka ci nan take, ci ki ƙoshi. Mai sa jabel a ruwan wanki ta bi ma'aunin da ma'aikatan tsabta suka nuna, don ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. A taro kuwa, in ba a kan ƙanƙara ka gan shi ba, kuma ba a gabanka aka haɗa ba, wuce shi. Kwaɗon zogale da na rama, ko da yake an dafa ganyen, da hannu ake murza su da ƙuli da ɗanyar albasa, don haka su ma ba sa son jira. Lemu da ayaba da za ka ɓare da kanka sun fi kankanar da aka yanka aka shanya.

Abin sha kuma, ruwan da aka yi shi da shi ne magana. Zoɓo, lemun tsamiya, kunun aya, fura da aka dama da ruwan randa. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, adana ta take yi, ta narke ta sake ta cikin kofinka. Nonon da ba a tafasa madararsa ba na iya ɗauko cuta daga saniya. Firiji ma ba abin dogaro ba ne ido rufe a garin da wuta ke zuwa tana tafiya; kowa na tuna halin da aka shiga bayan Najeriya ta yanke layin wuta a watan Agusta na 2023. Abin da ya narke ya sake daskarewa, da ido ba ka bambanta shi da lafiyayye.

Wankin hannu, kowa ya ce ya sani. Amma me muke yi a biki? Kwano ɗaya na ruwa ke zagayawa, babba ya fara tsomawa, na ashirin ya tsoma cikin abin da goma sha tara suka bari. A kawo buta da sabulu, yaro ya zuba, ruwan ya faɗa wani mazubi. Addininmu ya riga ya koya mana rufe ƙwarya da barin hura abinci da baki, malamai na nan za su ƙara muku bayani fiye da ni. Kuma mai girki ba sai ta kwanta ciwo take yaɗa shi ba. A birnin Niyok an yi wata kuku, Mary Mallon, wadda aka gano a 1907 tana ɗauke da ƙwayar taifot tana sa wa gidajen da take wa aiki, ita kuwa garau. Wadda ta kwana tana zawo, ko mai ƙurji a hannu, a ba ta aikin jera tabarmi ranar nan, ko da ita ce gwanar dangi.

Akwai waɗanda ba a gayyata ba amma su ke cin ƙarshen tukunya, kuma su suka fi damuna. Biki ya watse bayan isha'i. Mata sun ƙulla ragowa a leda sun kai wa yara gida, wasu sai da safe za a ci. Abin da ya saura a gindin kula, wanda ya fi kowane daɗewa, wanda aka haɗa da na faranti-faranti, sai a ƙwala wa almajirai kira. Yaro ya karɓa a robarsa, shinkafar wannan gida kan miyar wancan, wani ma ya ɓoye rabi don kalaci. Mu kuma mu kwanta muna jin mun yi sadaka. Lissafin minti 20 ɗin nan bai san sadaka ba. Yaron da ya fi kowa ƙarancin abinci a jiki shi muka ba wanda ya fi kowane yawan ƙwayar cuta, kuma in cikinsa ya ɓaci tsakar dare a makarantar allo, babu uwa kusa. Mai niyyar ciyar da almajiri ya fitar da rabonsu lokacin da ake fitar da na manyan baƙi, da zafinsa. Hatsin ɗaya ne, ba a ƙara ko tiya ba, sa'ar bayarwa kawai aka canza.

Idan abin ya faru kuma, mun iya ɗora laifi inda ba shi ba. Amarya ta yi amai, sai a fara kallon kishiya. Mutum goma sun kwanta, sai a ce an yi barbaɗe, ko an yi wa taron baki. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da kula ce ta jawo shi. Ko kuma mutum ya zargi abin da ya ci na ƙarshe, ya je ya ci mutuncin mai tuwon tasha, alhali Salmonella na iya ɗaukar awa 6 har kwana 6 kafin ta nuna kanta, taifot kuwa mako ɗaya zuwa uku. Tambayar da za a yi ita ce, su wa da wa suka kwanta, kuma wane kwano ne ya haɗa su?

Abin da ke kisa a amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari, SRO ɗin nan da ake samu a likita da farmasi: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. Yaro a ci gaba da ba shi nono, a ƙara masa ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. A bar rugawa wurin mai tallar magani a rana a sayo kafso biyu da Flagyl. Ciwon da dafi ya kawo, waɗannan ba sa taɓa shi, sai dai su koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Maganin tsayar da zawo kuma ba a ba ƙaramin yaro, ba a ba mai kashin jini. Amma in an ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko majinyaci ya kasa riƙe ko kurɓi ɗaya, a nufi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa ko asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Jariri da tsoho da mai juna biyu ba a yi musu jinkirin da ake wa ƙato. Kuma in mutum biyu ko uku da suka ci a wuri ɗaya suka kwanta, a gaya wa ma'aikacin lafiya haka ƙarara. Ba tonon asirin mai biki ba ne. Da irin wannan labari ake gane kwalara tun tana gida ɗaya.

Ku kuma iyayena masu girkin biki da masu sayarwa, na san itace na da tsada, na san hannu bai isa ba. Ba zan ce ku sayi na'ura ba. Ku raba girkin kashi biyu, na rana daban na yamma daban. Miya ta zauna kan garwashi tana ɓararraka a hankali har a gama rabo, maimakon a juye ta a kula tun hantsi. Salati a yanka shi a ƙarshe, mayonez a bar shi cikin kwalbarsa sai an zo ci. Abin da zai kwana a baza shi a faffaɗan mazubi ya huce da sauri ya shiga sanyi, da safe a tafasa shi har tsakiya; shinkafar da ta yini a waje kuwa ba ta da gyara. Kuma in baƙo ya tambaye ki, Hajiya, yaushe aka sauke, kada ki ji ya raina girkinki, ki faɗa masa sa'ar.

Na ga hannaye sun fara tashi daga ɓangaren mata. Bismillah, Inna, ke za ki fara.